Hawan Dutse a Cikin Ɗaki: Yadda Tseren Keke ta Intanet Yake Aiki

A wani hunturu na kai wa ƙanina ziyara a arewacin Ingila, inda yake aiki. A watan Disamba a can, kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara shiga, titi a jiƙe, sanyi kuwa har cikin ƙashi. Shi kuma tun muna yara keke ya shiga ransa. Da na tambaye shi yadda yake yi da kekensa a irin wannan yanayi, sai ya ja ni wani ɗan ɗaki a bayan kicin. Keken tserensa na tsaye a tsakiya, an cire tayar baya, an ɗora sarƙar a kan wata na'ura mai nauyi da ke zaune daram a ƙasa. Ga talabijin a gaba, ga babbar fanka a gefe, an yafa tawul a kan hannun keken.

Ya ce, "Yaya, hau ka gani."

Na hau na fara taka feda. A allo sai wani ɗan mutum a kan keke ya motsa, ya kama titi a bakin teku, mahaya suna ta wucewa, kowa da tutar ƙasarsa kusa da sunansa. Ban yi nisa ba titin ya fara hawa tudu, nan take fedar ta yi nauyi kamar an ɗora mini buhun masara a baya. Na waiwaya in ga ko shi ne ya taɓa wani abu, sai na ga hannuwansa a aljihu. Ya nuna mini wata lamba a saman allo da ke ta hawa da sauka, ya ce, "Bar kallon gudun, Yaya. Wannan lambar, ita ce kai."

Lambar ita ce wat, wato ma'aunin nan da muke gani a jikin ƙwan lantarki da farantin sola da janareta. Ƙafar ɗan Adam ma inji ce, kuma ana iya auna ƙarfin da take bayarwa. Idan aka haɗa yadda mutum ke danna feda da saurin da yake juya ta, sai a sami wat ɗinsa. Wanda bai saba ba zai iya riƙe wat 100 zuwa 150 na ɗan lokaci. Ƙwararrun da ke tseren Tour de France suna riƙe kusan wat 400 a kan doguwar hawa, a gudun ƙarshe kuma wasunsu kan wuce 1,500 na 'yan daƙiƙu. Wanda ya gane wannan lamba ya kama bakin zaren, domin duk abin da ke faruwa a allon daga gare ta yake tasowa.

Na'urar da ta maye gurbin tayar baya aiki biyu take yi. Tana auna wat ɗin mahayi, ta aika wa kwamfuta ko waya ta Bluetooth ko ta wata hanyar rediyo da ake kira ANT+. Sannan tana karɓar umarni daga kwamfutar. A cikinta akwai faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa, da maganaɗisun lantarki da ke riƙe shi. Idan manhaja ta ga titi ya fara hawa, sai ta sa a ƙara wa maganaɗisun ƙarfi, faifan ya yi taurin juyawa, ƙafa ta ji tudu. Idan an zo gangara sai a sassauta. Nauyin faifan shi ke sa feda ta ci gaba da juyawa lami lafiya kamar a titi, maimakon ta riƙa cijewa. Kamfanoni irin su Wahoo na Amurka da Elite na Italiya da Tacx na Holan su ne suka yi suna wajen ƙera waɗannan na'urori. Akwai ma ta Tacx da ke karkarwa a ƙarƙashin mahayi idan ɗan mutumin allo ya hau titin duwatsu ko gadar katako.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kuma na daɗe kafin ya zauna mini, shi ne cewa gudun da ake gani a allo ba shi da alaƙa da saurin juyawar faifan nan. Lissafa shi ake yi. Manhajar tana ɗaukar wat ɗinka, ta haɗa da nauyinka da tsayinka, da nauyin keken da ka zaɓa a cikin wasan, da tsinin tudun da kake kai, da irin ƙasar da kake takawa, kwalta ce ko turɓaya, sai ta fitar da gudun da ya kamata mai wannan ƙarfi ya yi a wannan wuri. A titi mai shimfiɗa, iska ce babbar abokiyar gaba, kuma iska ba ta da sauƙi: idan kana son ninka gudunka sau biyu, ƙarfin da za ka kashe wajen keta ta sai ya ninka kusan sau 8. A kan tudu kuwa iska ta rage tasiri, nauyi ne ke jan mutum baya.

Shi ya sa masu wannan harka ba su cika tambayar wat nawa kake da shi ba, sai dai wat nawa a kowane kilo. A ɗauki mutum biyu. Ɗaya kilo 90 ne, yana ba da wat 300. Ɗayan kilo 60, yana ba da wat 240. A shimfiɗaɗɗen titi ƙaton zai bar siririn a baya, don ƙarfinsa ya fi yawa kuma iskar da yake turewa ba ta ƙaru da yawa haka ba. Da zarar an fara hawa sai labari ya sha bamban: ƙaton na da wat 3.3 a kowane kilo, siririn na da 4, kuma a hankali zai ɓace masa a gaba. Haka abin yake a duwatsun Faransa, haka aka kwaikwaye shi a kwamfuta.

Mafi shahara cikin waɗannan manhajoji ita ce Zwift, wadda aka kafa a 2014 a Amurka, hedikwatarta na Long Beach a jihar Kalifoniya. Cikin waɗanda suka kafa ta akwai Eric Min, wanda ya kawo tunanin kasuwancin, da Jon Mayfield, mai tsara wasannin kwamfuta. Sun fara da ɗan ƙaramin tsibiri mai suna Jarvis, sannan a 2015 suka buɗe Watopia, ƙasar da babu ita a taswira, mai dutse mai aman wuta da daji da hamada da titi a ƙarƙashin teku. Saboda mahaya suna son ajiye tarihin tafiyarsu a manhajar Strava, wadda ke buƙatar wuri a doron ƙasa, sai aka jingina Watopia a kan wani tsibiri na Tsibiran Solomon a tekun Pasifik. Har yau za ka ga mutum a Landan ya yi gumi a ɗakinsa, taswira ta nuna yana yawo a can ƙarshen duniya. Daga baya aka ƙara kwaikwayon wurare na gaske, irin su Richmond ta jihar Bajiniya, inda aka yi gasar duniya ta 2015, da Landan, da Innsbruck ta Ostiriya.

Hanyar da ta fi kowacce suna ita ce Alpe du Zwift, da aka buɗe a 2018. An kwafo ta daga Alpe d'Huez, hawan nan na duwatsun Alps da ke da kwana 21, wanda ya sha raba gardama a Tour de France. Ta cikin kwamfutar tana da tsawon kilomita 12 da 'yan kai, kuma mutum zai hau sama da mita 1,000 kafin ya kai ƙoli. Gama ta cikin ƙasa da awa ɗaya ya zama burin dubban mutane, kuma abin da ake buƙata bai wuce wat 3.2 a kowane kilo ba, amma a riƙe shi awa guda cur babu hutu. Akwai wata dabara a nan da sababbin shiga kan yi wa mummunar fahimta. Zwift na zuwa ne a saite yadda ƙafa za ta ji rabin tsinin tudu kawai, wato hawa mai kashi 10 cikin 100 sai a ji shi kamar mai kashi 5. Wasu na ɗauka sauƙi aka yi musu. Alhali gudun allo daga wat yake fitowa, kuma aikin ɗaga jiki mita 1,000 bai ragu da ƙwayar zarra ba. Tamkar an ba ka giyar keke mai laushi ne, tudun yana nan yadda yake.

Ba kowa ke son duniyar zane ba. Rouvy, ta wani kamfani a Jamhuriyar Cek, ta ɗauki wata hanyar: ana ɗaukar bidiyon titi na gaske, a haɗa shi da bayanin hawa da gangararsa, sai bidiyon ya riƙa sauri ko jinkiri daidai da ƙarfin mahayi. TrainerRoad kuwa ba ta damu da shimfiɗa titi ba sam, ginshiƙan lambobi kawai take nuna maka, ta ce ka cika su. MyWhoosh ta Abu Dabi ta shigo daga baya, kuma kyauta take, alhali Zwift kuɗin wata ake biya, ga kuɗin na'urar da ke kai ɗaruruwan daloli.

A fannin atisaye ne na fi ganin amfanin abin ƙarara. A titi, idan koci ya ce ka yi minti 10 a kan wat 250, ga danja, ga mota, ga gangara, ga rami, da ƙyar ka samu minti 10 a jere. A ɗaki babu abin da zai katse ka. Da farko ana gwada mutum a gano abin da ake kira FTP, wato mafi girman ƙarfin da zai iya riƙewa na kusan awa ɗaya. Da yake gwajin awa ɗaya azaba ne, an fi yin na minti 20 a ɗauki kashi 95 cikin 100 na sakamakon, ko kuma a riƙa ƙara nauyi minti-minti har ƙafa ta ƙi, sannan a ɗauki kashi 75 cikin 100 na minti mafi ƙarfi. Daga wannan lamba ake yanka wa mutum aikinsa: yau doguwar tafiya mai sauƙi, gobe gajerun hare-hare sama da FTP da hutu a tsakani.

Akwai wani saiti da ake kira ERG, wanda na'ura ke karɓe ragama gaba ɗaya. An ce wat 250, to wat 250 za ka bayar, ko ka juya feda da sauri ko a hankali. Ka yi sauri, ta sassauta. Ka yi jinkiri, ta ƙara nauyi don lissafin ya cika. A nan tarkon yake. Idan gajiya ta sa ƙafarka ta fara ja baya, na'urar za ta ƙara tauri, taurin ya ƙara rage maka sauri, ta sake ƙarawa, har feda ta tsaya cak kamar an zuba mata siminti. Ƙanina ya ce maganinsa ɗaya ne, tun kafin nauyin ya sauko ka riga shi ƙara saurin ƙafa.

Fankar nan ma da na gani ba ado ba ce. Jikin mutum bai iya mayar da abinci aiki sai kusan kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, sauran zafi yake zama. Mai ba da wat 200 a feda yana fitar da zafin da ya kai wat 600 ko fiye. A titi iskar tafiya ke kwashe wannan zafi. A ɗaki babu ita, don haka gumi ke zuba kamar an buɗe famfo, bugun zuciya ya hau, ƙarfi ya ragu. Gishirin gumin kuma yana cin ƙarfe, ya shiga ƙarƙashin naɗin hannun keke ya yi ɓarna a ɓoye, dalilin tawul ɗin ke nan. Wanda zai gwada wannan a ƙasa mai zafi irin tamu, fanka da ruwan sha su ne farkon abin da zai tanada.

Labarin da ya sa ƙwararru suka daina raina abin shi ne na Mathew Hayman, ɗan Ostareliya. A ƙarshen Fabrairun 2016 ya faɗi a tseren Omloop Het Nieuwsblad a Beljiyam ya karya hannu. Saura mako shida a yi Paris-Roubaix, tseren da ake bi ta kan tsofaffin titunan duwatsu na arewacin Faransa, wanda ya fi ƙauna a duniya. Bai iya riƙe keke a titi, sai ya kafa shi a garejin gidansa, ya jingina karyayyen hannun a kan tsani, ya riƙa taka feda a Zwift. Ranar 10 ga Afrilu, yana da shekara 37, ya shiga filin Roubaix tare da 'yan gaba, ya doke Tom Boonen, wanda ya taɓa cin tseren sau huɗu. Ana yawan ba da labarin kamar manhaja ce ta ci masa. A ganina garejin ya tsare masa huhu da ƙafa ne kawai. Sanin yadda ake ratsa duwatsun nan cikin ƙura da turereniya ya samo shi ne a shekaru sama da goma da ya yi yana shiga tseren yana shan kaye. Allo bai koya wa kowa shan kwana, ko taka birki a jiƙaƙƙen titi, ko tafiya kafaɗa da kafaɗa cikin mutum ɗari.

Tseren cikin allo yana da nasa hali. Gajere ne, galibi bai kai awa ɗaya ba, kuma tun daga daƙiƙar farko ake buɗe wuta. Masu wayo kan fara taka feda da ƙarfi tun kafin a saki layi, saboda wanda ayari ya bari a minti na farko da wuya ya sake kamo shi. Dalili shi ne an kwaikwayi fakewa daga iska. A titi na gaske wanda ya laɓe a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, a tsakiyar babban ayari ma fiye da haka. Manhajar na lissafa wannan, don haka gwaninta ita ce ka zauna cikin ayari da ƙaramin ƙarfi, kada ka zarce gaba iska ta ci ka, kada ka zame baya a yar da kai. Babu faɗuwa, babu fashewar taya, amma akwai masifar da ta maye gurbinsu: intanet ta ɗauke ko na'ura ta daina magana da kwamfuta na daƙiƙa goma, ka buɗe ido ayari ya yi nisa. An kuma sa wasu kyaututtuka irin na wasan kwamfuta, kamar gashin tsuntsu da ke rage wa mahayi nauyi na ɗan lokaci, ko hular da ke rage masa iska. Wasu na ganin wannan ya rage wa abin daraja. Ni ina ganin ya ƙara masa dabara, domin sanin lokacin amfani da su sai mai karanta tsere.

Shekarar 2020 ce ta fito da harkar fili. Da annobar korona ta rufe tituna, aka yi tseren Flanders na Beljiyam ta intanet a watan Afrilu, mahaya 13 kowa a gidansa, Greg Van Avermaet ya ci. A watan Yuli aka yi kwaikwayon Tour de France a Zwift. A Disamba kuma hukumar keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko, kilomita 50 a Watopia, maza da mata nisa ɗaya. A ɓangaren mata Ashleigh Moolman-Pasio ta Afirka ta Kudu ce ta ɗauki kambu. A ɓangaren maza kuwa Jason Osborne ne na Jamus, wanda a lokacin ɗan tseren kwale-kwale ne, har ya samo azurfa a gasar Olamfik ta Tokyo bayan 'yan watanni. Wannan ya nuna abin da allo ke aunawa: girman injin da ke ƙirjin mutum. Ƙungiyoyin ƙwararru sun gane haka tun da wuri. Ta gasar neman gwanaye ta Zwift Academy, Leah Thorvilson ta samu kwantiragi da ƙungiyar Canyon-SRAM a 2016, Jay Vine na Ostareliya ya samu tasa a 2020, kuma a 2022 ya ci zango biyu na kan dutse a tseren Vuelta na Sifen.

Sai dai a koma kan lissafin nan na farko. Wat na'ura ce ke auna shi. Nauyi da tsayi kuwa mahayi ne ke rubutawa da hannunsa, shi kaɗai a ɗaki, babu mai ganinsa. Mutum mai kilo 80 da wat 240, idan ya rubuta 70, ya tashi daga wat 3 a kilo zuwa 3.4 ba tare da ya ƙara ɗigon gumi ba. A kan Alpe du Zwift wannan ƙaryar kaɗai za ta rage masa kusan minti 7. Ya rage tsayinsa, iska ta rage masa. Akwai kuma na'urar da ba a daidaita ta ba, tana ƙara wa mai ita wat 20 ko 30, wani da saninsa, wani bai sani ba. Akwai masu ɓoye ƙarfinsu su shiga rukunin da ke ƙasa da su don su riƙa cin na farko. Shekaru da dama ana raba mahaya rukuni huɗu, daga A na masu wat 4 a kilo zuwa sama har D na masu ƙasa da 2.5, kafin a koma ga maki da ke la'akari da sakamakon tsere. A 2019 ma an ƙwace kambun zakaran Birtaniya na farko a wannan fanni, bayan an gano cewa keken da ya hau a cikin wasan, wanda sai an hau tudu mita 50,000 ake samunsa, wata na'urar kwaikwayo ce ta hau masa.

Wannan abu yana damuna, domin mafi yawan masu shiga tseren mutane ne irin ƙanina, wanda ke hawa sikeli kowace Litinin ya gyara lambarsa ko da rabin kilo ne, sannan ya je ya fafata da wanda bai san ko gaskiya ya rubuta ba. A manyan gasa an ɗauki matakai. Mahayi zai ɗauki bidiyon kansa a kan sikeli kafin tsere. Zai ɗaura ma'aunin bugun zuciya a ƙirji, don a ga ko zuciyar ta yarda da abin da ƙafa ke iƙirari. Zai sa ma'aunin wat na biyu a feda, a kwatanta shi da na na'urar. A gasar duniya ta 2020 iri ɗaya aka aika wa kowa da na'ura. Duk da haka shakka ba ta gushe ba, tunda alƙali na wata nahiya, ɗan tsere na wata.

A 2024 UCI ta mayar da gasar duniya kan MyWhoosh, kuma a watan Oktoba aka yi wasan ƙarshe a Abu Dabi. A wannan karon ba a bar kowa a gidansa ba. An kwaso waɗanda suka kai ƙarshe daga ƙasashensu, aka jera su a zaure ɗaya, a kan na'urori iri ɗaya, a gaban alƙalai da 'yan kallo, kowa na jin numfashin na kusa da shi. Kate McCarthy ta Niyu Zilan ta ci na mata. Na maza kuwa Jason Osborne ne ya sake ɗauka, shekara huɗu bayan wanda ya ci ba tare da abokan karawarsa sun gan shi ido da ido ba.